Kafin Ka Sayi Motar Iyali: Yadda Za Ka Auna Ko Salun Matsakaiciya Ta Dace Da Gidanka

Duk magidancin da ya taɓa tsayawa a bakin titi da tsakar dare, yaro na zazzaɓi a kafaɗarsa, yana jiran A Daidaita Sahu da za ta kai su asibiti, ya riga ya san amfanin mota a gida ba sai an faɗa masa ba. Idan kuma Allah ya hore masa 'yan kuɗi har ya fara tunanin saye, motar da ke fara zuwa masa a rai galibi ita ce salun matsakaiciya, wato mai ƙofa huɗu da wurin zaman mutum biyar da but a baya, wadda ta ɗara Corolla girma amma ba ta kai jif ba. A da Peugeot ce ke riƙe da wannan gurbi a Arewa, tun daga 504 da 505 har zuwa 406, domin masana'antarta ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci tun 1975, kuma da wuya a sami garin da babu bakaniken da ya san cikinta. Yau Toyota Camry da Honda Accord ne suka gaje ta, kuma mafi yawan waɗanda muke saya 'yan Beljiyam ne, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasar waje kafin a kawo su, kodayake sunan ne kawai ya rage, don akasarinsu daga Amurka da Kanada ake ɗauko su a sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas.

Mutane da yawa suna fara wannan harka da tambayar nawa ake sayar da motar, alhali kuwa ita ce tambayar da ya kamata ta zo daga baya. Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa, amma kuɗin riƙe mota kowane wata yake dawowa, kuma shi ne ke sa ka ga mota mai kyau an jingine ta a ƙofar gida wata da watanni, ƙura ta rufe ta, tayoyinta sun sace. Saboda haka, kafin ka taka zuwa wurin dillalai, akwai hisabin da ya kamata ka yi a gida da biro da takarda.

Ka fara da hanyar da kake bi kullum, musamman ɗan yankin da ke tsakanin kwalta da ƙofar gidanka. An ƙera Camry da Accord ne domin titi mai santsi, shi ya sa tazarar da ke tsakanin cikinsu da ƙasa ba ta cika taƙi guda ba, tana tsakanin santimita 13 zuwa 16 gwargwadon samfurin, kuma tana ƙara raguwa idan an cika motar da mutane da kaya. Kada ka auna unguwarku da yadda take da rani. Ka tuna yadda take a watan Agusta, lokacin da kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya zaizaye gefen hanya, ramuka suka ɓuya a ƙarƙashin kududdufi. Idan a wannan lokaci ƙananan motoci sukan goga cikinsu a ƙasa kafin su shigo layinku, to kai ma za ka riƙa sayen bamba da salansa da shokazoba a kai a kai, kuma wata rana dutse zai iya fasa kaskon da ke riƙe da baƙin man inji. Wasu suna sa bakanike ya ɗaga musu motar da ƙarin roba ko ƙarfe, kuma hakan yana rage gugar, sai dai yana canza yadda motar ke zama a kan hanya idan ana gudu, yana kuma gajiyar da ƙafafunta da wuri. Akwai kuma batun wurin ajiyewa. Tsawon Camry ta 2007 ya kai mita 4.8, faɗinta kuma ya ɗan haura mita 1.8, yayin da Corolla ba ta wuce mita 4.5 da 'yan kai ba. A tsohon gari mai lunguna, ko a gidan haya da babu gareji, wannan ɗan bambanci yana iya zama dalilin da mota za ta riƙa kwana a waje.

Daga nan sai ka ƙidaya mutanen da za su riƙa shiga motar, ka kuma ƙidaya su da gaskiya. Salun tana da bel na mutum biyar ne kacal, direba da mutum ɗaya a gaba, uku a baya. Ga mai mata ɗaya da yara biyu ko uku, wannan ya wadatar, kuma faɗin kujerar baya shi ne babban abin da salun matsakaiciya ta fi ƙaramar mota da shi, domin manya uku suna iya zama daga Kano zuwa Abuja ba tare da gwiwoyinsu sun yi tsami ba. Amma gidan Bahaushe ba ya tsayawa a haka. Akwai iyaye da za a kai ganin likita, akwai 'ya'yan riƙo, akwai zuwa biki da gaisuwar Sallah a ƙauye, kuma mai yara biyu yau yana iya zama mai biyar nan da 'yan shekaru, alhali motar da zai saya ita zai riƙe har lokacin. Abin da ke biyo baya mun saba ganinsa, a jera yara biyar ko shida a baya, a ɗora na goye a cinyar uwa a kujerar gaba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin jakar iskar da ke gaban kujerar an yi ta ne don babban mutum mai ɗaure da bel, kuma ƙarfin da take fitowa da shi idan an yi karo ya isa ya halaka jariri. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana nanata cewa wurin yara 'yan ƙasa da shekara 12 kujerar baya ce. Idan lissafinka ya nuna cewa a mafi yawan fita za ku haura mutum biyar, to motar da kake buƙata mai layi uku ce irin Sienna ko Sharan, ko da kuwa ba ta kai salun ɗin kyan gani ba.

Yanzu sai maganar mai, wadda ita ce ta sauya komai a 'yan shekarun nan. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama aiki, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Shawarar da wani ya ba ka bisa abin da ya sani na riƙon mota a 2019 ba za ta yi maka aiki yau ba, sai ka yi naka lissafin. Ka auna nisan da kake yi a rana, daga gida zuwa makarantar yara, zuwa wurin aiki ko kasuwa, da dawowa. A ce kilomita 30 ne, kana fita kwana 26 a wata, ka ga kilomita 780 ke nan. Salun mai silinda huɗu da ta kwana biyu, a cikin cunkoson gari da na'urar sanyaya mota a kunne, ka ƙaddara mata kilomita 8 a kowace lita, sai ya zama kana buƙatar kusan lita 100 a wata. Ka ninka wannan da farashin lita a gidan man unguwarku yau. Idan lita tana naira 1,000 ne, man kaɗai ya ci naira 100,000, wanda ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kuma ba ka sa tafiyar ƙauye ko ta ta'aziyya a ciki ba. A kan doguwar hanya motar tana shan ƙasa da haka sosai, kuma a nan ne ma take nuna darajarta.

A kan kuɗin mai sai ka ɗora juyen baƙin mai da canjin filta kusan kowane kilomita 5,000, da filtar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, da tayoyi huɗu, da batir, da sabunta takardu kowace shekara. Inshorar dole ta motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun watan Janairun 2023. Ka raba jimillar duka zuwa wata 12, ka ajiye ta kusa da abin da kake kashewa yanzu a A Daidaita Sahu da motocin haya. Ba lallai ne motar ta fi araha ba, sau da yawa ma ba ta fi ba, kuma wannan ba laifi ba ne, domin sutura da kwanciyar hankalin iyali suna da nasu farashin. Abin da ake so shi ne ka san yawan abin da za ka biya, ka kuma tabbata ba daga kuɗin cefane ko na makarantar yara zai fito ba.

A nan ne nake ba duk wanda ya nemi shawarata amsa guda: ya tsaya a kan inji mai silinda huɗu. Camry da Accord duka suna zuwa da mai silinda shida, kuma dillali zai yaba maka ƙarfinsa da yadda yake tashi idan an taka totur, maganarsa kuma gaskiya ce. Sai dai mai kai yara makaranta ba shi da inda zai yi amfani da wannan ƙarfi, man da injin ke sha ya fi yawa, gyaransa kuma ya fi tsada saboda ƙuncin wurin da yake zaune. Masu tunanin mayar da motar mai amfani da iskar gas su ma su sani cewa tukunyar gas ɗin a but ake ɗaure ta, kuma tana cinye babban ɓangaren wurin kayan da saboda shi aka zaɓi salun tun farko.

Kowane samfuri yana da ciwon da aka san shi da shi, kuma sanin wannan kafin a je kasuwa ya fi yawo da bakanike uku. Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda dillalai ke kira Muscle, ta zo da inji iri biyu a masu silinda huɗu. Na 2007 zuwa 2009 mai lita 2.4 ne, kuma an san wasunsu da shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin, har kamfanin ya tsawaita garanti a kansu a Amurka. Daga 2010 aka koma mai lita 2.5, wanda ba a san shi da wannan ciwo kamar na farko ba, don haka idan kuɗinka ya kai, ƙarin da za ka biya a kan ta 2010 ko 2011 ba asara ba ne. Dashbod ɗin wannan samfuri kuma yakan yi danƙo ya tsattsage a rana irin tamu. Accord ta 2003 zuwa 2007 ta fi daɗin sitiyari a hannu, amma masu silinda shida na farkon waɗannan shekaru an san su da matsalar giya, kuma duk wanda ke bin titunanmu ya sha ganin Honda a durƙushe a tsakiyar hanya tayar gaba ta lanƙwashe. Bol-join ne ke jawo haka, wato gaɓar da ke riƙe da tayar, idan aka bar shi ya cinye ko aka sa jabu. Ba dalilin ƙin motar ba ne, amma wanda ya saye ta dole ya riƙa sa a duba ƙafafunta a kan lokaci. Abin da ya sa waɗannan biyun suka fi sauran irinsu kasuwa a wurinmu shi ne kayan gyara, domin daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna ba za ka sha wahalar samun abin da ya lalace ba, kuma ranar da ka so sayarwa ba za ka daɗe kana neman mai saye ba.

Idan hisabin gida ya nuna cewa salun ce ta dace da kai, sai a zo ga duba motar kanta. Ka tafi da bakaniken da kai ka ɗauko, wanda kai za ka sallama, wanda kuma ba shi da wata alaƙa da mai sayarwa, domin bakaniken da dillali ya kira yana da kasonsa a cikin la'ada. Ku je da sassafe, ka kuma roƙa kada a tayar da injin kafin ku iso, ka taɓa shi da hannunka ka tabbatar da sanyinsa, saboda ƙarar da inji ke yi da hayaƙin da yake fitarwa a tashin farko su ne ke tona abin da ɗumi ke rufewa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Idan ka murɗa makulli kafin injin ya tashi, fitilun gargaɗi na inji da na birki da na jakar iska duk su kama, sannan su mutu bayan ya tashi. Fitilar da ba ta kama ba tun farko ta fi wadda ta ƙi mutuwa haɗari, domin mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin da ake jona na'urar bincike ta kwamfuta, kuma kuɗin da za ka biya a yi wannan bincike bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin giyabos.

Da yawa daga cikin motocin da ake kawo mana an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora a Amurka, wato sun taɓa yin haɗari ko ambaliya ta shanye su, aka gyara su a can ko a nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma motar da aka buga mata bamba ko ƙofa aka canza ba ta da wani aibi babba. Wadda ya kamata ka guda ita ce wadda ƙashin bayanta, wato cesis, ya lanƙwashe aka miƙar, da wadda jakunkunan iskarta suka fashe aka like wurin ba a mayar da su ba, da kuma wadda ta sha ruwa. Ta ƙarshen ta fi wuyar ganewa, ta kuma fi cin rai, domin wayoyinta za su riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya har ka gaji. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ka nemi tsatsa a jikin ƙarafa, ka jawo bel har ƙarshensa ka duba ko akwai shatin ruwa ko laka. Kowace mota tana da lambar cesis mai haruffa da lambobi 17, a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofarsa. Ka tabbatar biyun sun zo ɗaya, sannan ka sa a bincika maka tarihinta a intanet ta Carfax ko makamancinsa, inda sau da yawa har hotunan motar a ranar gwanjo ake samu. Ka tuna kuma cewa agogon nisan tafiya na motar Amurka da mil yake ƙirga, don haka 150,000 a kansa yana nufin kimanin kilomita 240,000, kuma wannan agogo ana iya mayar da shi baya, shi ya sa tarihin ya fi shi zama abin dogaro.

Motar da aka riga aka yi amfani da ita a gida Najeriya ta fi araha, kuma ana dace da mai kyau, musamman idan daga hannun wanda ka san yadda yake riƙon abinsa ta fito. Sai dai a nan akwai abubuwan da hannun bakanikai ke taɓawa da ya kamata a duba. Da yawa suna cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, su haɗa fanka kai tsaye, su kuma cika lagireto da ruwan rijiya maimakon ruwan da aka yi dominsa, abin da ke ƙara shan mai yana kuma cinye injin a hankali. Wasu motocin an cire musu matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, an sayar saboda tsadarta. Ka tambayi irin baƙin man da ake zuba mata, ka gwada da abin da ke rubuce a murfin wurin zuba shi, haka ma man giya, domin giyar otomatik ba ta yafe man da ba nata ba.

Kada ka yarda da zagaye ɗaya a cikin filin dillalai. Ku hau babban titi har giya ta shiga dukkan matakanta, ka saurara ko tana fizga ko tana jinkiri, ku bi hanya mai gargada ku ji ƙafafunta, sannan ku tsaya wuri guda na kusan minti 15 da na'urar sanyi a kunne kana kallon allurar zafi, domin zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yana haura digiri 40, kuma motar da ba ta jure tsayuwa ba za ta ba ka kunya a cunkoso. Ka duba shekarun tayoyi ma. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa tana iya fashewa a kan gudu ko da zanenta bai cinye ba, don haka idan duk huɗun sun daɗe, ka cire kuɗin sababbi daga farashin da za ka taya.

Takardun kwastan su ne abin da ba a sassauci a kansa. A watan Janairun 2017 dokar hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa ta fara aiki, amma motocin fasa-ƙwauri ba su daina shigowa ba, wasu da takardun jabu, wasu kuma an biya musu kuɗin fito ƙasa da ƙa'ida. Irin wannan mota tana iya yin shekaru a cikin gari babu wanda ya tanka mata, sai ranar da ka ɗauki iyali za ku yi doguwar tafiya jami'an kwastan su tsayar da ku a hanya. Ka karɓi kwafin takardun kafin ka biya ko kwabo, ka kai ofishin kwastan da kanka a tantance su, ka kuma tabbatar lambar cesis da ke jikinsu ita ce ta jikin motar. Idan ta hannu ce mai lamba, ka nemi ganin wanda sunansa ke kan takardun, ko kuma shaidar yadda ta fito daga hannunsa zuwa hannun mai sayarwa, saboda sayen motar sata a rashin sani ba ya hana a karɓe ta.

Game da inda kuɗin zai fito, wanda ya tara nasa ko ya ɗauki adashi ya fi kowa kwanciyar hankali. Mai son biya a hankali kuma yana gudun riba yana iya duba tsarin murabaha na bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da ita a kan farashin da kuka amince, ka riƙa biya wata-wata. Sai dai ka haɗa wannan biyan da kuɗin mai da ka lissafa tun farko, ka ga ko albashin zai ɗauki biyun tare. Ko ta wace hanya kuɗin ya zo, kada ka zuba shi duka a farashin mota. Ni a ganina ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma, domin babu motar Beljiyam ko ta hannu da ba ta neman wani abu a watanta na farko, ga kuma kuɗin lamba da rajista.

Wanda nake ganin salun matsakaiciya ta fi dacewa da shi shi ne mai iyalin da ba su wuce biyar ba, wanda gidansa ke kan hanya mai kyau ko kusa da ita, kuma yake yawan doguwar tafiya tsakanin garuruwa, inda nauyin motar da faɗinta da natsuwarta a kan titi ke biyan kuɗin man da take sha. Wanda kuwa duk zirga-zirgarsa a cikin gari take, daga gida zuwa ofis zuwa makaranta, Corolla mai inji lita 1.8 za ta yi masa aikin nan da mai kaɗan, kuma abin da zai rasa bai wuce ɗan faɗin kujerar baya ba.

Idan ciniki ya faɗa, ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa ko kamfaninsa, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar cesis da ta inji da farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi takardun asali da makulli na biyu idan akwai. Daga wurin kuma kada ka zarce gida kai tsaye don nuna wa iyali. Ka fara biyawa ta garejin bakanikenka a juye baƙin mai, a canza filtoci, a duba birki da ruwan lagireto da ƙafafun gaba, sannan a fara maganar sauya sunan mai mota a takardu cikin makon.